Gonar Da Ba A Raba Ba

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyarmu na watan jiya a Kankia wani dattijo ya tambaye ni me ya sa har yanzu ba mu fara shuka inabi ba, tun da mutanen Kudan da Hunkuyi kusa da Zariya suna samun kuɗi da shi, mu kuma ga ruwan dam a Kusada. Na ce masa ƙasarmu da zafin ranarmu ba su hana ba. Abin da ya hana shi ne yadda muke raba gado. Bai gamsu ba, don haka na ga ya kamata in rubuta.

A ƙasar Italiya, a lardin Tuskani, akwai wani gida da ake kira Antinori. A shekarar 1385 kakansu Giovanni di Piero Antinori ya shiga ƙungiyar masu sana'ar ruwan inabi ta birnin Fulorans. Daga shi zuwa yau zuriya 26 ke nan, kuma sana'ar tana hannun gidan. Ruwan inabinsu mai suna Tignanello, wanda ya fara fitowa daga amfanin gonar 1971, kwalba ɗaya takan wuce Yuro 100.

Kafin wani fasto ya rubuto mini wasiƙa: ban ce mu dafa giya ba. Ikkilisiyoyinmu da yawa sun hana, maƙwabtanmu Musulmi ma haka, mun kuma ga abin da burkutu ya yi wa wasu gidaje. Inabi ana cinsa ɗanye, shi ne ma ake sayarwa a bakin hanyar Zariya. Abin da nake so mu duba a wurin mutanen nan shi ne gonar.

Kurangar inabi ba gero ba ce. Gero ka shuka da damina, ka girbe da kaka, in ka mutu 'ya'yanka su ja iyaka, kowa ya shuka nasa. Inabi kuwa yana bukatar rumfa ta ƙarfe da waya, da rijiya, da injin ban ruwa, da mutumin da ya san lokacin aske rassa. Kuɗin da ka zuba ba ya dawowa a shekarar farko. In aka yanka irin wannan gona gida biyar, wa zai ɗauki rijiya? Wa zai sayi man inji?

Na ga wannan da idona, ko da yake da mangwaro ne. Wani bawan Allah a gefen Kusada ya dasa mangwaro mai aure wajen guda 40, ya yi shekaru yana shayar da su da garwa. Da ya rasu aka raba wa 'ya'ya. Ɗaya yana Kano ya sayar da nasa kason, ɗaya ya sare nasa ya yi gawayi don bikin aure, sauran suka yi ta rigima kan hanyar shiga. Yau masara ce a wurin, masarar ma ba ta kirki ba.

Su ma Antinori sun kusa rasa nasu. A shekarun 1980 suka sayar da babban kaso na kamfanin ga wani kamfanin giya na Ingila mai suna Whitbread. Mai gidan, Piero Antinori, ya ga abin ba zai yi ba, ya sake sayen kason a farkon shekarun 1990. A 2012 kuma ya sa dukiyar cikin wata rubutacciyar amana, yadda magada za su ci riba amma ba mai ikon yankar nasa ya sayar. 'Ya'yansa uku ne, Albiera da Allegra da Alessia, dukansu mata, kuma Albiera ce shugabar kamfanin. Wannan ma abin tunani ne ga gidajenmu inda ake ganin mace ba ta da ta cewa a kan gona, alhali ita ce take tsinkar tumatir a lambu.

Za a ce mini ai kakanninmu sun san wannan, shi ne gandu. Gaskiya ne. Amma mu tuna dalilin da ya sa gandu ya watse. Saurayi ya yi noma shekara goma, rumbu yana hannun baba ko babban wa, ba wanda ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, sai ɗan gayauna da aka ba shi. Da ya sami hanyar Kano ko Legas sai ya tafi. Ba na ganin laifinsa. Gandu ba tare da lissafi ba, ba zai dawo ba, ni ma ba na fatan ya dawo.

A Littafi Mai Tsarki, Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabinsa domin gadon kakanninsa ce. Mu ba sarki ke ƙwace namu ba, da hannunmu muke gutsurawa.

Ga abin da zan kawo gaban taro mai zuwa. Duk wanda yake so ƙungiya ta ranta masa kuɗin dashe, ko inabi ko mangwaro ko gwaiba, sai ya fara kawo takarda da shi da magadansa, maza da mata, suka sa hannu a gaban mai unguwa da dattawan ikkilisiya, cewa wannan yanki ba za a yanka shi ba har shekara 20. A rubuta kason kowa a cikin riba. A rubuta ladan wanda ya zauna gida yana aikin, domin bai kamata ya ci daidai da wanda yake birni ba. In wani ya matsu yana so ya fita, 'yan'uwansa ne za su fara saye, in sun kasa sai ƙungiya. Littafin lissafi kuma ya zauna wurin ma'aji, a karanta shi a fili bayan kowace kaka.

Na san wasu iyaye ba za su so a yi zancen gado suna da rai ba. Wanda yake da wata dabara da ta fi wannan, ya zo da ita taron, ko ya ba sakataren ƙungiyarsa ya kawo mini Kankia ranar kasuwa.