Hayar Gida Ta Intanet: Yaushe Baƙo Yake Zama Ɗan Haya?

Kamar yadda aka saba, wanda ya gina gida a birni alhali yana zaune a ƙauye, dillali yake nema, ko kuwa ya damƙa wa ɗan'uwa amanar karɓar haya. Yanzu wata hanya ta ɓullo, inda kamfanoni irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka cikin 2008, suke haɗa mai gida da baƙon da bai taɓa gani ba ta intanet. Harkar ta kankama a Legas da Abuja, don haka ba abin mamaki ba ne ɗa ya bugo wa mahaifinsa waya yana ba da shawarar a sa gidan nan na birni a ciki. Abin da muke son jawo hankalin jama'a a kai shi ne baƙon da zai zauna wata guda ko fiye.

A shekarar 2014, wata mata ta ba wani mutum gidanta a garin Palm Springs na jihar Kalifoniya na tsawon kwana 44. Ya biya kuɗin kwana 30 na farko, daga nan ya daina biya, ya kuma ƙi fita. Da ta nemi korarsa, sai ta tarar cewa a dokar jihar, wanda ya cika kwana 30 ya zama ɗan haya, ba mai fitar da shi sai kotu. Kamfanin dillali ne kawai, ba alƙali ba, ba shi da ikon ɗaga wa kowa kaya.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A nan gida ma doka ta tsara yadda mai gida zai karɓi gidansa. Idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi akasin haka, mai biya wata-wata ana ba shi sanarwar wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sa'an nan a shigar da ƙara. Kowace jiha da tata dokar, amma tushen kusan ɗaya ne. Cire ƙofa ko kwano, ko turo matasa su watsar da kaya waje, duk suna iya mayar da mai gaskiya ya zama wanda ake ƙara. A 1986, cikin shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Cif Emeka Ojukwu a kan wani gida a Ikoyi, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ko gwamnati ba ta da damar fitar da mutum da ƙarfin tsiya alhali magana tana gaban shari'a, balle talaka.

Sai kuma batun kuɗi. A tsarin Airbnb, idan zaman ya kai kwana 28, baƙo yakan biya watan farko ne, sauran ya riƙa biya wata-wata. Ke nan ganin an rubuta wata uku a waya ba ya nufin kuɗin wata uku ya zo hannu. Haka nan wasu baƙin, da zarar sun saba da mai gida, sukan ce a bar kamfanin a riƙa biya kai tsaye don a huta da la'ada. Wanda ya yarda ya rasa ɗan kariyar da kamfanin ke bayarwa, ga shi kuma babu takarda.

Shawararmu ita ce, kafin a miƙa mabuɗi, lauya ya rubuta yarjejeniyar da ta faɗi ranar shiga da ranar fita, yawan mutanen da za su kwana, wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, da haramcin bai wa wani gidan haya. A ga katin shaidar ɗan ƙasa, a karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a ɗauki hoton kowane ɗaki da ma'aunin wuta.

Masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi, ku ne farkon waɗanda za a kawo wa kuka. Ya kamata ku san duk baƙon da ya daɗe a unguwa, idan kuma rikici ya taso, ku fara da tambayar ranar da ya shiga da yadda yake biya, domin a kan waɗannan ne kotu za ta duba irin sanarwar da ta dace da shi.