Raddi Ga Masu Cewa Nishin Keith Jarrett Ya Ɓata Faifan Standards

Tun da kamfanin ECM na birnin Munich ya fitar da faifan Standards, Vol. 1 a 1983, wasu masu sharhin jaz ke nanata hukunci guda a kansa: wai kiɗa ne na gwanaye, amma nishi da gurnani da ƙarar hanci da Keith Jarrett ke yi yana kaɗa piyano sun lalata shi. Masu wannan ra'ayi ba jahilan kiɗa ba ne, kuma ba sharri suka yi wa mutumin ba. Sautin yana nan, ba shi da daɗi, sau da yawa ma ba ya hawa daidai da amon da yatsunsa ke fitarwa, kuma duk wanda ya fara jin faifan sai ya ɗan yi turus. Inda muka rabu da su shi ne hukuncin da suka ɗora a kan wannan gaskiya. Hujjojinsu biyar ne, kuma kowace za a ba ta haƙƙinta kafin a amsa.

Hujjarsu ta farko ita ce muryar tana danne kiɗan. Wanda ya yi wannan da'awa wajibi ne ya nuna abin da aka danne. A saurari "God Bless the Child", waƙar da ta rufe faifan, mai tsawon kusan minti 15. Bas ɗin Gary Peacock, wannan ƙaton goge na tsaye da ake kaɗawa da yatsa, ana jin kowane takunsa. Gangunan Jack DeJohnette da farantansa na tagulla suna fita tas. Hannun daman Jarrett bai ɓace ko sau ɗaya ba. Muryar tana bin layin da hannun ke ja ne, tana tashi idan jimlar kiɗan ta doshi ƙololuwa, ta lafa idan ta sauko. Abin da ya ɓata wa mai sauraro rai daban, abin da ya rage wa kiɗa wani abu daban. Tarihin jaz ma bai goyi bayansu ba. Makaɗin piyano Erroll Garner ya yi ta gurnani a Concert by the Sea, wanda shi ma mutum uku suka kaɗa a 1955, ga na'urar ɗauka mai rauni, amma ya shiga cikin fayafayan jaz mafi kasuwa a zamaninsa. The Köln Concert da Jarrett ya kaɗa shi kaɗai a Jamus ranar 24 ga Janairun 1975 cike yake da nishi, kuma an sayar da miliyoyinsa. Yawan ciniki ba ya tabbatar da kyau, amma yana tabbatar da cewa nishin bai toshe kunnuwan jama'a ba.

Ta biyu, suna cewa sakacin masu ɗauka ne, da an gyara zaman makirufo ko an sake ɗaukar waƙar da an huta. Wannan magana ce ta wanda bai duba yadda ake naɗar piyano ba. Makirufo a ƙarƙashin buɗaɗɗen murfi ake kafa shi, kusa da tsirkiyoyi, bakin makaɗi kuwa yana daf da wurin. Jarrett ya saba miƙewa daga kujera ya sunkuya cikin piyanon, murfin kuma yana mayar da muryarsa wajen makirufon kamar yadda yake mayar da amon tsirkiya. Bugu da ƙari, muryar mutum da tsakiyar piyano a mataki ɗaya na sauti suke, don haka duk abin da aka rage wa ɗaya an rage wa ɗayan. Manfred Eicher, wanda ya kafa ECM a 1969, da injiniyansa Jan Erik Kongshaug, da tsabtar sauti aka san su a duniya, ba mutanen da za a ce abu irin wannan ya wuce su ba ne. Batun sake ɗauka kuwa ya fi rauni. Mutanen uku sun shiga situdiyon Power Station a New York cikin Janairun 1983 ba tare da rubutaccen tsari ba, suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin Amurka suna ƙaga musu sabuwar hanya nan take, kuma daga wannan zama aka sami faifai uku. A irin wannan aiki, ɗauka ta biyu wani kiɗa ne dabam. Wanda ya ce a sake, cewa ya yi a jefar da wannan.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. Suna cewa nishin riya ne da neman a ce ya shiga shauƙi, shaidarsu kuwa ita ce lokacin da ya naɗi kiɗan Bach da na Shostakovich kusan shiru ya yi, wato yana iya kame bakinsa idan ya ga dama. To, riya dai 'yan kallo take bukata, kuma Standards, Vol. 1 a ɗaki aka ɗauke shi, ba kowa sai abokan aiki. DeJohnette ya san shi tun suna ƙungiyar Charles Lloyd a shekarun 1960, sun kuma yi aiki tare a wajen Miles Davis, Peacock ma ya riga ya kira su biyun faifansa Tales of Another a 1977. Wa zai burge a cikinsu da ƙarar hanci? Makaɗin piyano Glenn Gould na Kanada ya bar dandamali kwata-kwata a 1964, amma guna-guninsa na nan a Goldberg Variations da ya sake naɗa a 1981, a situdiyo ba 'yan kallo. Shirun Jarrett a kan Bach kuwa, idan aka lura, hujja ce a kansu. A rubutaccen kiɗa an riga an shimfiɗa hanya, aikin makaɗi shi ne ya bi ta da kyau. A jaz kuwa sai ya ji jimlar a cikin kansa a daidai lokacin da yatsa ke nemanta, kuma makaɗan jaz da yawa suna rera abin da suke ƙagowa, wasu a zuci wasu a fili, kamar Oscar Peterson da Bud Powell. Nishin mai daka tare da saukar taɓarya yake fita, ba don a yaba mata ba. Da riya ce, da ta bi shi duk inda ya zauna gaban piyano. Tunda tana zuwa ne inda ake ƙirƙira ta ɗauke inda ake bin rubutu, dalilinta a bayyane yake.

Ta huɗu, suna cewa mutumin da ya riƙa tsawata wa masu tari da masu ɗaukar hoto, har ya tsayar da wasa saboda su, ba shi da bakin cika wa mutane kunne da nasa surutun. Cewa yana da zafin rai ga 'yan kallo, wannan sananne ne, tsawar da ya yi wa masu ɗaukar hoto a bikin jaz na Umbria a Italiya a 2007 ta isa misali, kuma ba sai an wanke shi daga wannan ba. Sai dai hujjar ta bar faifan ta koma kan halin mai shi. Mutum yana iya zama mai wuyar sha'ani aikinsa kuma ya yi kyau. Ban da haka, sautukan biyu ba ɗaya ba ne: tarin mai kallo daga waje yake faɗowa, bai san inda jimla ta dosa ba, nishin makaɗi kuwa daga cikin jimlar yake fitowa, a kan bugunta yake tafiya. Idan kuwa duk wani sautin da ba na kayan kiɗa ba lalatawa yake yi, sai su fara da naɗin Bill Evans a Village Vanguard na 1961, inda ake jin ƙarar kofuna da hirar mashaya, wanda su da kansu ke sa shi a sahun gaba na kiɗan mutum uku.

Ta biyar sabuwa ce: yanzu akwai manhajojin kwamfuta masu ware murya daga kayan kiɗa, don haka a tace faifan a sake fitar da shi. Manhajar ƙiyasi take yi, tana yanke abin da take zaton murya ce ta cike gurbin da abin da take zaton piyano ne. A inda sautukan suka cakuɗe a mataki ɗaya, abin da ke tafiya tare da muryar shi ne jelar amon tsirkiya da amsawar ɗakin, wato ainihin abin da ake sayen faifan ECM dominsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ko da fasahar ta kai ga yin aikin ba tabo, tambayar haƙƙi na nan: masu kiɗan da mai kamfanin sun ji naɗin, sun amince da shi a haka, kuma suka ci gaba da fitar da irinsa har ƙungiyar ta daina wasa a 2014. Peacock ya rasu a 2020, Jarrett kuma shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da dandamali tun 2018. Gyara aikin da masu shi suka sa wa hannu, ba da yawunsu ba, canza shaida ne.

Saboda haka, wanda ya ce kunnensa ba ya ɗaukar wannan nishi ya faɗi gaskiyarsa, ba mai tilasta masa, kuma jaz na da faɗin da zai sami makaɗa masu kame baki. Amma wanda ya hau kujerar alƙali ya ce faifan ya lalace, sai ya kawo jimlar da ta ɓace, ko bugun da ya kauce, ko wurin da mutanen uku suka daina jin juna. Cikin hujjoji biyar ɗin nan babu wadda ta kawo ko ɗaya, kuma hukuncin da ba shaida ba ya zama.