Sauri Ya Haifi Nawa a Ƙasar Indiya

Jama'a, mutanen Indiya sun daɗe suna neman mulkin kansu. Tun 1885 aka kafa jam'iyyar Kongires. Cikin 1930 Gandi ya taka mil 240 zuwa bakin teku, ya ɗebi gishiri don ya karya dokar Turawa. To, ƙasar da aka yi shekara 62 ana fafutuka a kanta, don me za a raba ta cikin mako 5?

Gwamnatin Ingila ta yi alkawarin tashi kafin ƙarshen Yuni 1948, amma Gwamna Mauntbatin ya jawo ranar zuwa Agusta 1947. Aka kirawo wani lauya, Radkilif, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, ya ja iyaka tsakanin Indiya da Pakistan, ya tsaga Panjab da Bengal. Ba a bayyana iyakar ba sai ran 17 ga Agusta, bayan an gama bikin 'yanci. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi da Hindu da Sik, rayuka masu ɗimbin yawa suka halaka a hanya.

A ganina, ko da rabuwar ta zama tilas saboda Jinna da Nehru sun kasa shiryawa, gaggawar ba tilas ba ce. Wanda ya riƙi ƙasa, wajibi ne ya mayar da ita ga masu ita cikin natsuwa. Allah Ya tsare mu daga fitina, amin.