A Damƙa Wa Ma'aikatan Jinya Kula Da Masu Doguwar Cuta

Hawan jini, ciwon sukari, asma da amosanin jini cututtuka ne da in sun kama mutum sai dai ya koyi zama da su, da awo da shan magani, muddin rai. Amma tsarin asibitocin ƙasar nan ya fi dacewa da mai zazzaɓi, wanda za a ba shi magani yau ya warke jibi. Mai doguwar cuta kuwa sai ya yi sammako, ya wuni a layi, don ganawar mintoci kaɗan da likita.

Wannan matsala ta fi tsanani ga 'yan Arewa mazauna Kudu. Ɗan goro a Agege, mai ɗaukar kaya a Mile 12, mahauci a Sabon Ibadan ko mai gadi a Fatakwal, duk ranar da ya wuni a asibiti to ranar babu na cefane. Saboda haka da ya ji sauƙi sai ya ajiye magani, ko ya koma wa masu tallar ƙwayoyi a tasha. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai ya shanye ɓarin jiki ko ya lalata ƙoda sannan a farga.

Babu shakka mafita ita ce a ɗora wannan aiki a wuyan ƙwararrun ma'aikatan jinya a ƙananan asibitocin unguwa. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1978 taron Alma-Ata ya yi kira da a kai kiwon lafiya kusa da jama'a, kuma a kan wannan turba Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina manufar lafiya ta ƙasa a 1988. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya. Afirka ta Kudu ma daga 2010 ta ba nas-nas izinin fara ɗora masu cutar ƙanjamau a kan magani, abin da ya rage wa likitoci nauyi ƙwarai.

To, amma sai an yi tsari. Da farko lalle ne kowane asibiti ya buɗe rajista, domin in maras lafiya ya tsallake ranarsa a neme shi. Na biyu, a ba nas rubutacciyar ƙa'ida: wane magani za a fara da shi in awo ya kai 140 bisa 90, yaushe za a ƙara, yaushe kuma za a tura mutum wurin likita ba da ɓata lokaci ba. Na uku, kada magani ya yanke, kuma wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata uku. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na haɗaɗɗen asusun tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kamata ya yi masu doguwar cuta su ga amfaninsa.

Ban da wannan, dole tsarin ya san halin baƙo. A sami mai jin Hausa a wurin. A ba kowa kati mai ɗauke da awonsa da maganinsa, wanda zai nuna a Katsina ko Sakkwato in ya je gida noma ko Salla. A kuma riƙa ganawa da masu ciwon sukari kafin watan azumi.

Wasu na cewa nas ba likita ba ce. Gaskiya ne, shi ya sa likita zai ci gaba da sa ido, da karɓar duk wanda cutarsa ta rikice. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne yadda nas-nas ke ficewa zuwa Ingila da wasu ƙasashe. In za a ƙara musu kaya, tilas a ƙara musu horo da albashi.

Ƙalubale ga Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa: su je ga hukumomin ƙananan hukumominsu su nemi a ware ranar awo a unguwanninsu, su kuma tura jama'a. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa a ji, a kuma aikata.