Arzikin dutse na wanda ya iya tace shi ne

A hutun da ya wuce na shiga mota daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna duwatsun gefen hanya, ya ce: "Ɗana, ku da kuke karatun kimiyya, wai gaskiya ne akwai arziki a cikin duwatsun nan?" Na ce masa mai yiwuwa ne, Baba. Ya yi dariya ya ce, "To in akwai, wa zai ci?" Tambayar nan tasa ita ta sa na ɗauki biro.

Masana ilimin ƙasa sun daɗe da nuna cewa duwatsun Birnin Kudu, Dutse, Kila da Fagam dangi ɗaya ne da na Filato da na Riruwai, inda aka shafe shekaru ana haƙar kuza. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. A cikin tarin yashin da masu wanke kuza suka bari a Jos akwai wani ma'adini mai suna monazait, wanda ke ɗauke da ƙarafan da duniya ke rububi a kansu yau. Su 17 ne, ana kiransu ƙarafa masu wuyar samu. Ɗaya daga cikinsu, niyodimiyom, shi ake haɗawa a yi maganaɗisun da ke cikin lasifikar wayarka da injin mota mai amfani da lantarki.

Sunan nasu yana ɓatar da mutum. Ana samunsu a ƙasashe da yawa. Wahalar tana wajen raba su, domin kusan dukkansu caji iri ɗaya suke ɗauka, girmansu kuma ya yi kusa da juna, kamar tagwayen da uwarsu kaɗai ke gane su. A da, sai masani ya narkar da gishirinsu ya daskarar sau dubbai kafin ya samu guda ɗaya mai tsafta.

Abin ya sauya a shekarun 1940, lokacin da Frank Spedding da abokan aikinsa a Ames, jihar Ayowa ta Amurka, suka yi amfani da rezin mai musayar ayon. Duk ɗan SLT ya san shi: ƙananan ƙwayoyin roba ne kamar ƙwan kifi, irin waɗanda ke cikin na'urar tace ruwan dakin gwaji. Ana cika doguwar kwalba da su, a zuba ruwan da aka narkar da ƙarafan a ciki, sai su maƙale a jikin ƙwayoyin. Daga nan a riƙa zuba wani sinadari a hankali, da farko sitret aka yi amfani da shi, daga baya EDTA. Sinadarin ya fi kama ƙarafan da suka fi nauyi, don haka su ne ke fara sauka, marasa nauyi irin su lantanom su biyo daga baya. Kowa ya fito a layinsa. Da wannan hanya aka gano furomitiyom a Ok Rij a 1945. A yau manyan masana'antu sun fi amfani da wata hanyar ta daban idan kayan na da yawa, amma in ana son tsafta ta ƙarshe, rezin ɗin nan ake komawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Kusan kashi 90 cikin 100 na tace waɗannan ƙarafa a Sin ake yinsa. Da ta taƙaita fitar da guda bakwai daga cikinsu a watan Afrilun 2025, masu ƙera motoci a Turai da Amurka sai da suka ji a jikinsu. Ƙasashe da dama suna da dutsen. Sin ce ta riƙe ilimin tacewar. Mu kuwa mun saba sayar da yashi a buhu, mu sayo waya da tsada.

Ra'ayina shi ne, mu ɗaliban kwalejin fasaha mu ne ya kamata mu fara koyon wannan aiki, tun daga furojet ɗinmu na ƙarshe. Wallahi abin kunya ne a ce kowace shekara taken ɗaya ake ta juyawa: haɗa sabulu, gwada ruwan leda, a sauya sunan gari a miƙa. Ni kaina na kusa kammala difloma, sau ɗaya na ga an kunna na'urar tace ruwa ta ɗakin gwajinmu, saboda rezin ɗin ya gaji ba a farfaɗo da shi ba. Alhali farfaɗo da shi da ruwan asid da soda ake yi, darasi ne guda da ya wuce mu.

Na san abin da za a ce. Za a ce babu kuɗi, kuma akwai haɗari. Maganar haɗari gaskiya ce. Monazait na ɗauke da toriyom, mai fitar da tururin nukiliya. A Bukit Merah ta Malesiya, wata masana'anta da ke tace monazait daga ragowar kuza ta bar shara mai guba, mutanen gari suka yi ta shari'a har aka rufe ta a 1994. A nan gida ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Amma duba da kyau, rashin sani da rashin kulawa ne suka yi wannan ɓarna. Ranar da masu saye suka shigo ƙauyukanmu da buhu da sikeli, ƙannenmu ne za su shiga rami. Gara a ce akwai ɗan gari da ya iya riƙe na'urar awo, ya ce wannan yashin kada a kai shi gida.

Maganar kuɗi kuma, ba masana'anta nake nema ba. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta kai wa hukumar makaranta buƙatu uku. A sayi rezin da kwalaben gwaji, mu fara da abu mai sauƙi marar haɗari, kamar cire taurin ruwan burtsatse ko raba ƙarfe da nikel. Malamanmu su nemi tallafin bincike na TETFund a kan yashin rafukan Gwaram da Birnin Kudu, a kai samfur cibiyar binciken makamashi ta Zariya, wadda ke da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, a auna abin da ke ciki. Sannan a nema mana gurbin SIWES a cibiyar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa da ke Jos, maimakon zaman banza a ofis ana aikenmu sayen kati.

'Yan aji ɗaya, ku ne za ku zaɓi take baɗi. Kafin ku kwafi na wani, ku leƙa ɗakin gwaji ku tambayi mai kula da shi ina rezin ɗin yake. In na sake haɗuwa da Baba a motar Gwaram, ina so in ce masa yaransa sun fara koyo.