Kar Ka Ɓoye Tsatsar, Ɗauke Ta a Bidiyo

Kawuna yana da wata Peugeot 406 wagon mai amfani da man gas, ƙirar 2001, wadda ya sayo 'yar Beljiyam. Duk wanda ya san hanyar Kadawa zuwa Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irinta ba: an kwantar da kujerun baya, an cika ta da kwanduna, tana tafe a hankali kamar mai juna biyu. Bai taɓa wasa da juye ba, kuma yana da wani tsohon littafi da yake rubuta ranar da aka canja tamin bel da ta batir da ta tayoyi. Da asuba murɗa makulli ɗaya take tashi.

Da ya yanke shawarar sayar da ita sai ya kira ni, tunda ni ne mai riƙe da babbar waya a gidan. Ya ce, "Ɗana, a kai ta a ɗan shafe wuraren nan da fila, a watsa fenti, sai ka ɗauke ta hoto ka sa a intanet ɗinku." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, a ba ni izini in fara leƙa ƙarƙashinta tukuna." Abin da tocilar wayata ta haska mini a ranar ne ya sa nake wannan rubutun.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: idan tsohuwar mota tana da lafiyar inji amma tsatsa ta kama ta, fila da fenti da hoto mai sheƙi asara ce da kuma ɗaukar alhaki. Wayar da matasa ke amfani da ita wajen rufe aibi, ita ce ya kamata ta nuna shi.

Daga ina tsatsar ta fito?

An saba cewa motar Kano ba ta tsatsa kamar ta Legas, saboda iskarmu busasshiya ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta shafi motar da ke aiki a Garun Mallam da Kura da Bunkure ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka jawo ruwanta ta manyan kwatoci zuwa gonakin yankin, ƙasar nan ba ta rabo da danshi, rani da damina. Motar manomi kullum tana cikin laka a hanyoyin gefen kwata, kuma lakar tana maƙalewa a cikin madigad ta riƙe ruwa kwana da kwanaki.

Sai kuma kayan da take ɗauka. Takin zamani, musamman yuriya, yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya zube a but ya shige ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfe a hankali. Ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwando yana da tsami. Buhun shanshera da bai gama bushewa ba shi ma danshi ne. Ƙarfe kuwa abu biyu kawai yake buƙata ya yi tsatsa, ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta aikin.

Maganar gishiri ta kai mu ga asalin motar. A ƙasashen Turai masu ƙanƙara ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu. Saboda haka motar Beljiyam da yawa tana isowa ne da ciwonta a ciki, lakar gonakinmu ta zo ta ƙarasa abin da gishirin can ya fara.

Tsatsa iri biyu ce

A nan ne masu sayarwa da masu saye suke ruɗewa. Akwai tsatsar da ke ɓata kyau kawai: fenti ya kumbura a bakin ƙofa ko gefen madigad ko murfin but. Akwai kuma wadda ke cin ƙashin motar: doguwar ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, daɓen da ƙafa ke takawa, wurin da shok ke zama, inda ake kafa jak, inda aka ɗaure bel ɗin kujera, da siraran bututun ƙarfe da ke kai man burki baya.

Mota irin 406 ba ta da shasi daban kamar a-kori-kura. Bodin ne ke ɗauke da nauyin komai. Idan ƙasan ƙofa ya ruɓe, ba kwalliya ce ta lalace ba, ƙarfin motar ne ya ragu. A motar Kawu na tura sukurdireba a ƙasan ƙofar baya ta dama, sai ta shige kamar a cikin gurasa. Na ɗaga safaya taya na tarar ramin ya fara hujewa.

Yanzu ka ɗauka an cike wurin da fila an fesa fenti. Wani ya saya, ya zuba iyalinsa da buhunan shinkafa, ya hau titin Kano zuwa Zariya da gudu, ya faɗa rami. Fila ba ta riƙe nauyi. Ranar da wurin ya buɗe, ba mai fentin za a tuna ba, wanda ya sayar za a tuna. Addini da al'adar kasuwa duk sun yi hani da ɓoye aibin haja, kuma aibin mota yana iya zama na rai.

"Ai in ka nuna, za su karya kuɗin"

Wannan ita ce hujjar Kawu, kuma ita ce hujjar kusan kowane dillali. Ban raina ta ba. Gaskiya ne akwai mai sayen da zai ga hoton tsatsa ya wuce, akwai kuma wanda zai fake da ita ya yi tayin wulaƙanci.

Sai dai zamanin ɓoyewa ya kusa wucewa. Mai saye yau yana zuwa da bakanikensa, da tocilar waya, da ɗan mayen ƙarfe da zai bi jikin motar da shi. Inda aka lafta fila mai kauri, mayen ƙarfe ba ya kamawa. Wasu ma har da 'yar na'urar auna kaurin fenti suke zuwa. Da zarar ya gano wuri guda da aka rufe, shi ke nan ya daina yarda da komai. Littafin juyen da ka adana shekara da shekaru ya zama takardar banza a idonsa, domin wanda ya yi ƙarya a bodi me zai hana shi yi a inji? Ka biya kuɗin fenti, ka kuma rasa abu mafi daraja da kake sayarwa, wato yardar cewa an kula da motar.

Sabon fenti a kan motar da ta haura shekara ashirin ma abin zargi ne da kansa. Masu hankali suna tambaya: me aka rufe?

To a gyara ne ko a sayar haka?

Ga yadda nake ganin lissafin. Tsatsar kwalliya a bar ta. Kuɗin fenti ba ya dawowa a farashin tsohuwar mota, gara mai saye ya ga ainihin abin ya gyara yadda yake so.

Tsatsar da ta taɓa ƙashi kuwa hanya biyu ce. Ko dai a kai wa mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin har ya tarar da lafiyayyen ƙarfe, ya ɗora sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa, kai kuma ka ɗauki hoton aikin kafin a fara da lokacin da ake yi da bayan an gama. Ko kuma a sayar da ita yadda take, a faɗa wa mai saye ƙarara, a rage masa kuɗin aikin. Ka nemi masu gyaran bodi biyu ko uku su faɗi kuɗin aiki, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka ji farashin ƙofa ko madigad na Beljiyam. Da wannan a hannunka, in mai saye ya ce gyaran zai ci kaza, kana da amsa.

Idan kuwa ruɓar ta kai mazaunin shok ta ɓangare biyu kuma daɓen ya tafi, a haƙura. Injin da giyar suna da kasuwarsu daban, sauran kuma na 'yan gwangwan ne. Ya fi a sa wani a hanya da ita.

Yadda waya za ta yi maka aiki

Kafin ka sa talla a Jiji ko Facebook Marketplace ko sitatus na WhatsApp, ka wanke motar har ƙarƙashi, ka ɗauke ta da hasken safe, ba tare da tace hoton ba. Ka yi bidiyo guda wanda ba a yanka ba: ka fara da dafa injin don a ga ya kwana a sanyi, ka tayar, ka nuna fitilun dashbod suna mutuwa, ka zagaya ka nuna hayaƙin salansa. Ga injin gas wannan ya fi hoto ɗari, domin tashin sanyi ne ke tona asirin nozul da batir. Daga nan ka kai ta ramin gareji ka haska kowane wuri mai tsatsa, ka ajiye makulli ko biro kusa da shi don a gane girmansa. Ka ɗauki shafukan littafin gyara ma.

Akwai 'yar na'urar OBD mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, tana karanto matsalolin da kwamfutar mota ta adana. Tana da amfani, amma a lura: sai daga 2004 aka wajabta wannan tsarin bai-ɗaya ga motocin gas a Tarayyar Turai, saboda haka masu arha ba lallai su karanta motar 2001 ba. Kuma babu na'urar da ke ganin tsatsa. Wannan aikin ido ne da sukurdireba.

Ka san wanda kake nema. Mai yawo cikin gari ba zai so motar gas ba, ga tsadar man, ga ƙarancin bakaniken da ya iya injin HDi, ga gurɓataccen mai da ke kashe nozul. Amma lokacin da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tazarar farashin mayukan biyu ta ragu, kuma injin gas ya fi nisan zango a kan lita guda. Mai jigilar kaya tsakanin gona da kasuwa ya san wannan. Da shi za ka yi magana a tallar.

Sai a kiyaye 'yan damfara. Ka rufe lambar motar a hoto, kar ka tura takardunta ga wanda ba ka gani ba. A haɗu da rana a wurin jama'a. Kar ka yarda da alat na saƙon waya ko hoton rasit; buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin makulli ya bar hannunka. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ambaci tsatsar a ciki, kuma a yi canjin mallaka, don kada motar ta ci gaba da yawo da sunanka.

Kawu bai yarda nan take ba. Sai da na kwantar da shi a tabarma ya leƙa da idonsa, ya yi shiru, sannan ya ce a kira mai walda. An gyara ƙasan ƙofar da ramin safaya, an bar kumburin madigad yadda yake. Da dama sun ga bidiyon sun wuce, wasu sun yi tayin da ko amsa ba mu ba su ba. Wanda ya saya a ƙarshe mai noman shinkafa ne daga wajen Bunkure, kuma kuɗin da ya biya bai kai abin da Kawu ya fara sa rai ba. Amma bai ko zo da mayen ƙarfe ba, ya ce ya riga ya ga komai a waya.

Har yanzu sukan haɗu a Kwanar Gafan. Kawu ba ya sauya hanya idan ya hango motar.