Dokar Jamus da Takardar Magani

Tun daga 1 ga Janairun 2024, doka a Jamus ta wajabta wa likitoci su riƙa rubuta wa masu inshorar lafiya ta gama-gari magani ta kwamfuta. Likita ya sa hannu a na'ura, bayanin ya shige ma'ajiya, majinyaci ya miƙa katin inshorarsa a kantin magani, a ba shi abin da aka rubuta. An huta da tafiyar tsutsar likitoci, wadda kan sa mai ba da magani ya karanta wani suna a madadin wani.

Sai dai abin koyi a dokar, musamman ga ƙasashen da wuta ke yawan ɗaukewa, shi ne ba ta kashe takarda ba. Ciwo ba ya jiran intanet ta dawo. Idan na'ura ta tsaya, ko likita ya je duba marar lafiya a gida, tsohuwar takardar nan mai ruwan hoda tana nan da ƙarfinta. Dattijon da bai saba da waya ba kuwa, yana iya cewa a buga masa lambar maganinsa a takarda, ya riƙe a hannu.